Me ya sa ciyawar filayen wasanninmu ke mutuwa bayan an kashe mata miliyoyi?

Ranar 29 ga Maris, 2022, duk wanda ya kalli wasan Najeriya da Ghana a talabijin ya ga Filin Wasa na Moshood Abiola da ke Abuja cikin kyakkyawar shiga. Ciyawa kore shar, an yi mata aski layi-layi tamkar ta filayen Turai. Ba a daɗe da kammala gyaranta ba, aikin da Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyinsa a kan kuɗi kimanin dala miliyan ɗaya, bayan filin ya shafe shekaru a lalace. An tashi 1-1, Ghana ta samu gurbin zuwa Gasar Kofin Duniya a Ƙatar, fusatattun 'yan kallo kuma suka kutsa cikin filin suka yi ta ɓarna.

Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Maris, 2023, Gini Bissau ta zo ta doke Super Eagles da ci ɗaya mai ban haushi a wannan fili, a kan ciyawar da 'yan wasa da masu sharhi suka yi ta kuka da lalacewarta. Daga nan manyan wasannin gida suka koma Uyo, babban birnin Jihar Akwa Ibom, aka bar filin babban birnin ƙasa mai ɗaukar mutum sama da 60,000 yana zaman jiran gyara na gaba.

Da yawa sun ɗora laifin a kan 'yan kallon da suka tattake filin. Sun yi ɓarna, babu musu, amma lafiyayyar ciyawa tana warkewa daga tattakar yamma ɗaya cikin 'yan makonni. Abin da ba ta warkewa daga gare shi shi ne yunwa da ƙishirwa na watanni. Ciyawar filin wasa shuka ce kamar masara ko shinkafa, sai dai ita ba a jiran kaka kafin a girbe ta. Kusan kullum ana yanke ta, ana kwashe abin da aka yanke, sannan ƙarti 22 su hau kanta da takalma masu ƙusoshi. Duk abin da aka ɗebe mata, in ba a mayar ba, ita ma za ta daina bayarwa.

Abin da ido ba ya gani

Rabin lafiyar fili yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar da aka saba gani a garuruwanmu, wato laka da jar ƙasa mai marmara, idan aka yawaita taka ta sai ta danƙare kamar daɓe. Ruwa ba ya ratsa ta, iska ba ta shiga, saiwa kuwa numfashi take yi kamar kowane mai rai. Shi ya sa filayen zamani a kan yashi ake gina su. Tun 1960 Hukumar Wasan Golf ta Amurka ta fitar da tsarin da har yau ake kwaikwayonsa a duniya: a shimfiɗa bututun magudana a can ƙasa, a rufe su da tsakuwa mai kaurin santimita 10, sannan a zuba yashi mai ɗan haɗin ruɓaɓɓen ganye, kaurin santimita 30, wanda a cikinsa saiwa za ta zauna. Manyan filayen ƙwallon ƙafa ma kusan haka ake gina su.

Wanda yake shakkar muhimmancin magudana sai ya tuna abin da ya faru a Kwaddibuwa a watan Satumban 2023. Watanni huɗu kafin ƙasar ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Nahiyar Afirka, an tsayar da wasan sada zumunta tsakaninta da Mali a lokacin hutun rabin lokaci, saboda ruwan sama ya kwanta a Filin Alassane Ouattara da ke Ebimpe, ƙwallo ta ƙi tafiya. Kuma filin bai daɗe da fitowa daga gyara mai tsada ba.

Sai dai yashi yana da nasa aibin. Yadda yake sakin ruwa da sauri, haka yake sakin abinci. Gonar fadama za ta iya riƙe taki tsawon damina, amma ciyawar da ke kan yashi kamar jariri take, sai an riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wanda ya gina fili a kan yashi ya ɗaure wa kansa alƙawarin ciyarwa har abada, ko ya sani ko bai sani ba.

Irin ciyawar ma abin dubawa ne. Wadda ake gani a filayen Ingila ta ƙasashen sanyi ce, zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato zai gasa ta. Wadda ta dace da mu ita ce kiri-kiri, wadda manoma ke ɗauka abokiyar gaba saboda yadda take yaɗo a gona, ga wuyar kashewa. Wannan taurin kan nata shi ne darajarta a filin wasa: tana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, idan takalmi ya ɓantare wani wuri sai ta rufe shi da kanta. Turawa suna kiranta ciyawar Bamuda, kuma masana a Amurka sun fitar da ire-irenta masu ƙananan ganye domin filaye. Akwai kuma wadda ake kira fasfalam, mai jure ruwan gishiri, ita aka shuka a filayen Ƙatar na gasar 2022.

Buhu ɗaya da rabi a wata

Abincin ciyawa ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa sayen takin zamani a kasuwa. Haruffa ukun nan da ke jikin buhu, NPK, su ne ginshiƙai. Na farko, naitirojin, shi ke ba da ganye da kore, kuma shi ne ciyawa ta fi ci. Na biyu, fosfaras, na saiwa ne, an fi buƙatarsa lokacin dasa sabuwar ciyawa. Na uku, fotasiyam, shi ke ba ta juriya ga fari da tattaka da cuta, sai dai da yake aikinsa ba ya bayyana a ido nan take, shi ne aka fi mantawa da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Cikakken filin ƙwallon ƙafa yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. A lokacin da kiri-kiri ke tsakiyar girma, takan buƙaci naitirojin tsakanin giram biyu da rabi zuwa biyar a kowane murabba'in mita a wata. Takin yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. Idan aka buga lissafi, abin da filin ke ci a wata yana tsakanin kilo 40 zuwa 80 na yuriya, wato daga ƙasa da buhu ɗaya zuwa buhu ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Abin mamaki ke nan: filin da aka kashe wa ɗaruruwan miliyoyin naira yana iya mutuwa saboda takin da ƙaramin manomi ke saye da kuɗin aljihunsa.

Amma sayen takin daban, iya zuba shi daban. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a bar fili watanni babu ko ƙwaya, sai an ji babban wasa ya matso a kinkimo buhuna a antaya masa gaba ɗaya. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yuriya idan ta yi yawa a wuri ɗaya tana ƙona ciyawa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, idan kuma aka watsa ta a rana ba a bi ta da ruwa ba, wani kaso nata yakan bi iska. Inda ciyawar ta tsira, sai ta yi tsiro mai taushi da saiwa gajera, kyakkyawa a hoto, amma da zarar ɗan wasa ya ja burki sai ta ɗaye kamar tabarma. Abin da ya rage na takin kuma ruwan sama na farko zai wanke shi ta cikin yashi zuwa magudana, ya ƙare a rafi. Ƙwararru kan raba abincin wata gida biyu ko huɗu, ko su yi amfani da taki mai rufi a jikin ƙwayarsa wanda ke narkewa sannu a hankali.

Akwai kuma jarabar ɗauko buhun 15-15-15 a riƙa zubawa kowane lokaci, don shi ne aka fi samu a kasuwa. Ciyawar da ta riga ta kafu ba ta buƙatar fosfaras daidai da naitirojin, saboda haka ana biyan kuɗin abin da ba za a ci ba. Hanya ɗaya ta sanin abin da ƙasa ta rasa ita ce gwaji. A ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na filin, a kai ɗakin bincike irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ko na Jami'ar Bayero a Kano, a auna abincin da ke cikinta da kuma tsaminta. Ciyawa ta fi sakewa idan ma'aunin tsamin yana tsakanin 6 da 7. Idan ya sauka ƙasa sosai, ko ya hau sama, abincin yana nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗauka, mai fili ya yi ta zuba taki yana mamakin abin da ya hana ciyawa yin kore. Yawan amfani da yuriya shekara da shekaru shi kansa yana ƙara wa ƙasa tsami, sai an gyara da farar ƙasa.

Takin gargajiya fa? A filin makaranta ko na unguwa da ke kan ƙasa ta asali yana da amfani, muddin ya ruɓe sarai kuma an tankaɗe shi. Ɗanyen kashin shanu kuwa yana zuwa da baƙi: 'ya'yan ƙarangiya da tsidau da aya-aya, ga gara tana biye. A filin da aka gina da yashi, yawan takin gargajiya yana toshe ƙofofin da ruwa ke bi, ya rusa dalilin da ya sa aka zuba yashin tun farko.

Masu kula da filaye suna da wata dabara da ya kamata mai kallo ya sani. Idan aka fesa wa ciyawa sinadarin ƙarfe, takan yi kore mai duhu cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da ta ƙara tsayi ba. Wasu ma launi suke fesawa. Saboda haka koren da kyamara ke nunawa ranar wasa ba shi ne shaidar lafiya ba. A tsuguna a tona, a ga zurfin saiwa.

Jarka dubu biyu

Taki ba ya aiki sai da ruwa, kuma a nan ne kuɗin gaske yake. A tsakiyar bazara a Arewa, rana da iska suna iya ɗauke wa ciyawa ruwa mai zurfin milimita bakwai a yini. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A filin ƙwallo ɗaya abin ya kai kusan lita 50,000 kullum, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 2,000. Wannan adadin ne ma aka ruwaito kowane filin Ƙatar yana sha a yini a lokacin zafi, a lokacin sanyi kuma lita 10,000, ga shi su ruwan teku suke tacewa.

Ruwa mai yawa haka yana buƙatar rijiyar burtsatse ko tafki, da tanki, da injin turawa, da wuta ko dizal. Kowane ɗaya daga cikinsu ya tsaya, ciyawa ta shiga uku. Kiri-kirin da ta kafu takan bushe ta yi kamar ta mutu, ta farfaɗo idan ruwa ya dawo. Sabuwar dasa wadda saiwarta ba ta kama ba kuwa, 'yan kwanaki na rashin ruwa a watan Afrilu sun isa su gama da ita, alhali takardar neman kuɗin gyaran inji tana can tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Yadda ake ba da ruwan ma yana da ƙa'ida. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa yana koya wa saiwa lalaci, ta tsaya a sama tana jira. Gara a ba da isasshe ya nutse, a ɗan ja lokaci, saiwa ta bi shi ƙasa. Lokaci mafi kyau shi ne da asuba. Na rana tsaka iska ke sha, na dare kuma yana barin ganye a jiƙe har gari ya waye, abin da cututtukan ruɓa ke so ke nan. Da hunturu, sanyin dare yana rage wa kiri-kiri saurin girma, don haka a lokacin ana rage mata taki da ruwa. Wanda ya ci gaba da ɗura mata kamar a damina, asara kawai yake yi.

Aski kuwa dokarsa ɗaya ce: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya. A filin ƙwallon ƙafa akan bar ciyawa tsakanin santimita biyu zuwa uku, hukumar ƙwallon Turai ma ta hana ta wuce uku a wasanninta. Ma'ana, a damina sai an yanka sau biyu ko uku a mako, da inji mai kaifi, domin dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, bakinsa ya bushe ya yi fari. Layukan nan masu ban sha'awa ba wani iri ba ne na daban: abin da ke bayan injin ne ke kwantar da ganye, wani layi gaba, wani baya, haske ya nuna su kala biyu.

Aikin da ya fi kowanne fuskantar rashin fahimta shi ne huda. Sau da yawa a shekara sai an bi filin da inji mai ƙusoshi, a yi masa dubban ramuka masu zurfin santimita 10 zuwa 15, a cika su da yashi, domin iska da ruwa su samu hanya. Mako ɗaya ko biyu filin zai yi muni, kuma ba abin mamaki ba ne babban jami'in da ya zo duba aiki ya ɗauka ɓarna ake yi. A Ingila manyan ƙungiyoyi sun wuce nan: da zarar an kammala kakar wasa sai su kankare saman filin gaba ɗaya, su sake shuka, su rufe shi makonni shida zuwa takwas. A nan kuwa, lokacin da fili ya kamata ya huta shi ne ake ba da hayarsa domin gangamin siyasa ko bikin mawaƙa ko taron addini, a kafa dandamali, a shimfiɗa tamfol kwana biyu, motoci su shiga har tsakiya. Kuɗin hayar da wuya ya kai kuɗin gyaran abin da aka lalata.

Darasi daga 'yan golf

Babu inda ake matsa wa ciyawa kamar filin golf. Fili mai rami 18 yakan ci hekta 50 ko fiye, amma idon masu kula yana kan ƙananan dandamalan da ke kewaye da ramuka, waɗanda duka-duka ba su wuce hekta ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. A nan ana aske ciyawa zuwa milimita uku ko huɗu, kusan kowace safiya, domin ƙwallo ta gangara sumul. Tsayin ganye da zurfin saiwa tare suke tafiya, don haka ciyawar da aka aske haka kullum a bakin kabari take, kuskuren kwana biyu ya isa. Tun ƙarni na 19 Tom Morris, mai kula da tsohon filin St Andrews a Sikotilan, ya shahara da yawan barbaɗa wa waɗannan wurare yashi, kuma har gobe haka ake yi a duniya.

Turawan da suka kawo wasan Arewa, irin masu haƙar kuza da suka kafa filin Rayfield a Jos a 1913, sun fahimci abin da ƙasar za ta iya ɗauka. A filaye da dama na Arewa ba a wahalar da kai wajen shuka ciyawa a bakin rami ba. Sai aka riƙa cakuɗa yashi da baƙin mai, a daddaɓe, kafin ɗan wasa ya buga a ja wani abu a share masa hanya. Ba abin koyi ba ne a yau, domin baƙin mai guba ne ga ƙasa da ruwa, amma tunanin da ke bayansa daidai ne: kada ka shuka abin da ba za ka iya shayarwa ba. Filin golf na IBB da aka buɗe a Abuja a 1991 yana da ciyawa ta gaske a bakin ramukansa, amma shi an gina shi ne da tafkuna a cikinsa, ga mambobi masu biyan kuɗi duk shekara. Kuma ko a St Andrews, lokacin babbar gasar da aka yi a watan Yulin 2022, yawancin filin ruwan ƙasa ya yi saboda fari, ba wanda ya kira shi lalatacce. An zaɓi inda za a kashe ruwa, an bar sauran.

'Yan ƙwallon dawaki a Kaduna da Kano da Katsina su ma sun san zancen. Filinsu ya ninka na ƙwallon ƙafa fiye da sau biyar, kofato kuma ba takalmi ba ne. Daga nan al'adar nan ta samo asali ta gayyatar 'yan kallo su shiga fili lokacin hutu suna mayar da ɓantararriyar ciyawa da ƙafa.

Ganin wannan ɗawainiya ya sa gwamnatoci da dama suka karkata ga ciyawar roba, musamman tun lokacin da Najeriya ta karɓi Gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Tana da amfani a inda ake wasa safe da yamma, amma masu cewa ba ta buƙatar kulawa sun yi kuskure. Tana son shara da taza da ƙarin ɓarɓashin robar da ke tsakanin zarenta, a rana tsaka zafinta yakan wuce digiri 60, kuma bayan shekara takwas zuwa goma sai an ɗaye ta an sayi sabuwa. Manyan filayen Turai da dama sun bi tsaka-tsaki: ana ɗinka zaren roba kimanin miliyan 20 a cikin yashi, ciyawa ta gaske ta tsiro a tsakaninsu, saiwarta ta nannaɗe su. Ita ma wannan tana cin taki tana shan ruwa kamar kowace.

Duk ma'aikacin gwamnati ya san bambancin kuɗin manyan ayyuka da na ayyukan yau da kullum. Na farko yana da kwangila da bikin yanke kyalle da allo mai ɗauke da suna. Na biyu kuwa albashin mai ban ruwa ne da dizal da wasa wuƙar inji da maganin tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016 kuma ba ta ƙyale ciyawar fili. Ba wanda ake yi wa tafi saboda waɗannan. Filin Godswill Akpabio na Uyo, wanda aka buɗe a 2014, bai fi na Abuja girma ba, rabinsa ne ma a yawan kujeru. Abin da ya bambanta shi, gwamnatin jihar ta bar kula da shi a hannun kamfanin da ya gina shi, Julius Berger, bisa kwangila, akwai masu zuwa aiki a kansa ko da wasa ko babu.

Ƙaramar hukuma ko makarantar da ke son fili mai ciyawa ba sai ta nemi dala ba. A farkon damina za a kaftu ƙasar, a daidaita ta da ɗan tudu a tsakiya yadda ruwa zai gangara gefe, a haɗa ta da ruɓaɓɓen taki, a yayyanka kiri-kiri gaɓa-gaɓa a dasa. Cikin wata biyu zuwa uku za ta rufe ƙasa, idan an hana wasa a kai. Sai a tanadi mutum ɗaya mai albashi, da injin yanka, da buhunan taki na shekara, da hanyar ruwa kafin Oktoba. Kafin duk wannan kuma a kewaye filin da shinge, domin a watan Maris, lokacin da babu wani kore a gari sai shi, awakin unguwa za su riga kowa sani.